Me za mu kira "troisième balai" da Hausa?

Mai tambaya, Birni: Assalamu alaikum. Ina koya wa yara wutar mota, bana kuma na ɗaura aniyar rubuta musu darasin da Hausa, don rabinsu Faransanci bai zauna musu ba. To na cije a wuri guda. A garejin wani dattijo a Sabon Gari na tsinci dinamo na tsohuwar Ford Model A, irin wadda aka ƙera tsakanin 1927 da 1931, mai wutar bolt 6. Da muka kwance ɗamarar ƙarfen da ke bayansa sai ga sharbon, baƙaƙen dunƙulen da wuta ke bi ta cikinsu, guda uku maimakon biyu. Biyu a kafe suke, su ke kwaso wuta daga kolekter, zoben tagullar da ke juyawa a cikin dinamon. Na ukun yana motsi, shi ke ciyar da naɗin wayar maganaɗisu. Ka tura shi ta inda dinamon ke juyawa, sharji ya ƙaru. Ka dawo da shi baya, ya ragu. Faransawa na ce masa troisième balai. Suna biyu nake nema: na shi wannan abu, da na yawan wutar da yake sakar wa batir.

Malamin Faransanci: Wa alaikumus salam. Ai balai tsintsiya ce. A ce tsintsiya ta uku, a huta.

Tsohon makanike, Sabon Gari: Malam, da girmanka, amma ka aiki yaro ya ɗauko tsintsiya ta uku ka ga abin da zai kawo maka. Turawan ma sunan ya saura musu ne daga lokacin da ake yin abin da tarin siraran wayoyin tagulla, da gaske kamar tsintsiya. Yanzu ɗan baƙin dunƙule ne kamar guntun sabulu. Mu tun muna yara sharbon muke cewa, sharbon kuwa gawayi ne. In ya cinye babu sabo, mu fasa tsohon batirin tocila, mu zaro baƙin sandan cikinsa, mu goge shi a kan siminti har ya shiga gurbi. Ba ya daɗewa, amma yana kai mutum gida.

Ɗan Kano mazaunin Zango: Mu can buroshi muke cewa, kuma caji, ba sharji ba. Amma na yarda da gawayi, Baba. Gawayi na uku.

Mai tambaya: Gawayi ya zauna. "Na uku" ne bai kwanta mini ba, don ƙidaya ce kawai, ba ta faɗi aikinsa. Me zai hana gawayin linzami, tunda da shi ake jan dinamo ana sakinsa?

Tsohon makanike: Ɗana, ka taɓa hawan doki ranar sallah a ƙofar fada? Linzami a hannun mahayi yake, duk taku yana ji, yana ja yana saki. Wannan gawayin ba ya jin komai. Inda ka ajiye shi da safe nan za ka same shi da magariba. Bai san batir ya cika ba, bai san yunwa yake ji ba. Shi ya sa direbobin da, in sun kama doguwar hanya kamar ta Tanut zuwa Agadas, suke kunna fitilu da rana tsaka. Ba gata suke wa hanya ba, rarar wutar suke zubarwa kada ruwan batir ya tafasa ya ƙone. Ni na ga batirin da aka yi wa haka a watan Afrilu: ka buɗe marufan nan uku, warin asid ya daki hanci, farantan cikin batirin a waje busassu, gefen akwati ya kumbura kamar cikin akuya. Abin da ya cancanci sunan linzami shi ne regilater, ɗan akwatin da ya zo daga baya, irin na Lucas da ke cikin tsofaffin Land Rover. Shi yana duba batir yana rage wuta da kansa. Wannan kuwa dabaibayi ne.

Ɗan Kano: Dabaibayi kuma?

Tsohon makanike: Ƙwarai. Ka ɗaure wa raƙumi ƙafafun gaba, ka auna tsawon igiya sau ɗaya, ka tafi harkarka. Yana kiwo, amma ba ya nisa. Kuma ga wani abu: in ya ce zai zabura, nan igiyar ke ƙara kama shi. Haka wannan dinamon yake. Wuta tana hawa da gudun inji har wani matsayi, in an wuce nan sai ta fara sauka, don maganaɗisun ciki yana karkacewa ya bar gawayin na uku da kaɗan. Ka duba allurar amfer, mai nuna yawan sharji, ka gani da idonka.

Malamin Faransanci: Na janye tsintsiyata. Wallahi abin kunya ne gare mu: motocin Citroën masu sarƙa sun ratsa garin nan na Damagaram tun ƙarshen 1924, lokacin ita ce babban birnin Nijar, shekara ɗari ke nan ba mu raɗa wa ɗan gawayi suna ba. Na biyun fa? Ni ban-wuta ya zo mini, kamar ban-ruwa a garakan Mirya.

Ɗan Kano: Yana da daɗi a baki, sai dai "ba ta wuta" a bakin direba taka totur ne. Yaro zai rikice.

Wata mai karatu, Kara-Kara: Ku yi haƙuri na tsoma baki cikin zancen maza. Abin da Baba ya kwatanta mu awo muke ce masa. Maigida ya yanke tiya biyu kullum, ko an yi baƙi ko rabin gida sun yi tafiya. Wata rana tuwo ya kasa, wata rana ya kwana ya lalace. Ku ce awon batir. A ƙara awo, a rage awo.

Tsohon makanike: Allah ya yi miki albarka, ƴata. Haka muke yi kuwa: mai yawan tafiyar dare da fitila a ƙara masa, mai doguwar tafiyar rana a rage masa. Wajen amfer 10 ya ishi irin wannan Ford ɗin, in ka zarce sosai dinamon ya yi zafi dalma ta narke. Malam mai tambaya, rubuta musu abu biyu. Da ɗan itace ake tura gawayin, ba da turnabis na ƙarfe ba, kaɗan-kaɗan ana kallon allura. Kuma kada a tayar da inji wayar dinamo a cire, don wutar da ta rasa mafita naɗin wayar take ci.

Mai tambaya: Na rubuta, Baba. Gawayin dabaibayi, regilater linzamin dinamo, yawan sharji awon batir. Na gwada jimlar a kan yara biyu ɗazu: "Sassauta dabaibayi, awo ya yi kaɗan." Ɗaya ya ɗauki tsinke ya tura gawayin gaba ba tare da na nuna masa ba. Ɗayan ya tambaye ni konjonkter fa, wanda ke yanke hanya in inji ya lafa don kada batir ya juye cikin dinamo, me sunansa?

Tsohon makanike: Wannan sai gobe, an kira la'asar. Amma ku fara tunani a kan mai gadi.