Me ya sa marmaron ado na wuraren shaƙatawa ke saurin mutuwa?

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani lambun shaƙatawa da nake kai yarana ranar hutu. Bara aka gina marmaron ado a tsakiyarsa, irin mai hawa ukun nan: ruwa ya yi tsiri sama, ya zubo kwano bayan kwano, da daddare kuma fitilu na canja launi a ƙarƙashinsa. Autata da mun shiga ƙofa can take nufa a guje. Makon jiya muka koma, muka tarar da shi tsit. Ruwan da ya rage a kwanon ƙasa bai kai idon sawu ba, kore shar, ga busassun ganye, ga leda. Da na duƙa sai ga tsutsar sauro na ta wutsil-wutsil. Yarinya ta dube ni ta ce, "Baba, wa ya shanye ruwan?" Na tambayi mai gadi, ya ce wai inji ne ya ƙone.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ina jin labarin marmaron da suka shekara ɗari biyu, ɗari uku suna zuba, wannan kuwa ko shekara bai cika ba. Daga ina ma ruwan yake zuwa, kuma ina yake tafiya in ya zubo?

Mai_Sufana:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Aikin famfo nake yi, na kuma taɓa kwance irin wannan inji ba sau ɗaya ba. Ruwan ba ya zuwa ko'ina. Shi ɗin dai ne ke kewayawa: inji ya zuƙo daga kwanon ƙasa ko tankin da ke ɓoye, ya tura sama, ya faɗo, ya sake zuƙa. Amma kullum yana raguwa, rana na shan nata, iska na kwashe feshin tana zubarwa a waje. In ba a sa bawul mai balan-balan da zai riƙa cikowa da kansa ba, sai an sami mai cikawa da hannu. Ranar da aka manta, ruwa ya sauka ƙasa da bakin inji, ya shiga zuƙar iska. Shi kuwa injin da ake nutsarwa a ruwa, ruwan ne ke sanyaya shi. Bai daɗewa yake ƙonewa.

Na biyu, leda da ganye su toshe rariyar da ke bakinsa. Na taɓa zaro safar yaro ƙwaya ɗaya daga cikin farfelar wani inji, ita kaɗai ta tsayar da komai. Koren nan gansakuka ce, ba ta son komai sai rana da ruwa kwance.

Malama_Tarihi:
Ni ta ɓangaren tsofaffin zan shigo. Yawancinsu ba da inji aka gina su ba, gangare ne ke musu aiki. A ɗauko ruwa daga wuri mai tudu, a bi da shi ta bututu zuwa ƙasa, nauyinsa ya tunkuɗa shi sama. Iyakarsa dai ba zai wuce tsayin inda aka ɗauko shi ba. Marmaron Trevi na birnin Rum, wanda aka kammala a 1762, a ƙarshen wata hanyar ruwa yake da Rumawa suka haƙa tun shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na fadar Peterhof a Rasha har yau ba su da inji, daga maɓuɓɓugan tudun Ropsha ruwansu ke gangarowa.

Wanda ya ƙi bin gangare kuwa ya ji jiki, ko da sarki ne. Fadar Versailles a Faransa ba ta da wadataccen ruwa kusa. Sarki Louis na 14 ya sa aka ƙera injin ɗebo ruwa na Marly a 1684, mai manyan ƙafafu 14 da kogin Seine ke juyawa, duk da haka ruwa bai isa ba. Sai masu kula da marmaron suka koma dabara: in sarki na yawo a lambu, a busa usur, a buɗe wanda ke gabansa, a rufe wanda ya bari a baya.

Injiniya_A:
Malama, kin faɗi gaskiya, amma kada Baban Ummi ya ɗauka laifin inji ne. Shi kansa Trevi yanzu inji ke juya ruwansa, ana kuma tsayar da shi a kai a kai a kwashe sulallan da masu yawon buɗe ido ke jefawa, a wanke shi. Na Janeba a Suwizalan inji ne zalla, yana cilla lita 500 a daƙiƙa zuwa tsayin mita 140, kuma akwai masu tsaronsa da ke kashe shi da zarar iska ta yi ƙarfi ko sanyi ya kai ga daskarewa. Na Sarki Fahd a Jidda tun 1985 yake aiki da ruwan Bahar Maliya, ruwan gishiri mai cin ƙarfe. Duka waɗannan suna da ma'aikata da kasafin kula. Naku an ware kuɗin gini da na bikin buɗewa, na sa hannu a wanke rariya duk mako ne aka manta.

Sannan Malam, ranar da aka gyara shi kada ka bar yarinyar ta tsaya a feshin farko, sai in ka tabbatar an zubar da tsohon ruwan an wanke an sa kilorin. Ruwa mai ɗumi da ya daɗe kwance yana iya ɗaukar ƙwayar cuta mai suna Legionella, kuma ta shaƙar feshi take shiga huhu.

Baban_Ummi:
Allah ya saka muku da alheri. Yau da yamma na sake bi ta wurin, na roƙi mai gadin ya ɗaga mini murfin ramin injin. Mai Sufana, kamar kana wurin: babu bawul ko ɗaya, tiyo ne kawai a naɗe a gefe, rariyar kuma ta cushe da leda har ba ka ganin ƙarfenta. Ya ce wanda ke cika ruwan an canja masa wurin aiki tun watanni uku. Kafin a kai ga gyara, in an zuba yashi a kwanon ƙasa zai hana sauron, ko gara a buɗe magudanar a bar shi a bushe?