Wuni ɗaya a Jidda bayan Umara: me kuka gani a Balad da bakin teku?

Maman 'yan biyu, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan raka Hajiyarmu Umara, kuma jirginmu na dawowa sai biyun dare zai tashi daga Jidda. Ba na so mu wuni a filin jirgi zaune kan jakunkuna kamar wancan karon. Don Allah waɗanda suka taɓa zaga garin, ina kuka je? Hajiya ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa.

Alhaji ɗan Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ku nufi Balad, wato tsohon gari, amma sai bayan La'asar. Ni ƙarfe ɗayan rana na sauka, yawancin shaguna a rufe, kuma zafin Jidda ba irin namu ba ne, mai danshi ne. Kafin in kai Bab Makka, ɗaya daga ƙofofin tsohon garin, shaddata ta jiƙe sharkaf. Daga Makka jirgin ƙasan Haramaini na hau, kusan rabin awa ya sauke mu a tashar Sulaimaniyya. Turare, darduma, dabino da sauran tsaraba duk akwai a kasuwar Alawi, kuma ku taya, kar ku biya kuɗin farko.

Malama daga Damagaram:
Yaya, tsaraba akwai ta a ko'ina, gidajen Balad ne babu irinsu. Na je da niyyar sayen abaya, na ƙare ina ɗaga kai sama. Benaye ne hawa uku, huɗu, wasu ma biyar, an gina su da dutsen murjani da aka ciro daga Bahar Maliya. Na shafa wani bango da hannuna, ga ramuka ƙanana-ƙanana kamar saƙar zuma. Tagogin katako ne da suka turo waje, an sassaƙa su raga-raga, suna ce musu rawashin. Iska na shiga, matar gida na ganin titi, na titi ba ya ganinta. Nan take na tuna zaure da soron gidan kakata, yadda ake tsare mutuncin cikin gida ba tare da an toshe iska ba.

Ku tambayi Baitu Nasif. Nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a 1925. Matakalar gidan mai faɗi ce, ba tsayi, an ce har raƙumi na hawa da kaya. A ƙofarsa akwai tsohuwar bishiyar dogon yaro, irin tamu sak. Na daɗe a inuwarta ina tunanin kakanninmu da suka taka ta Chadi da Sudan, wasu shekaru a hanya, suka haye teku daga Sawakin, suka sauka a wannan gari. Tun zamanin Sayyadina Usman Jidda ce mashigar Makka ta ruwa. UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2014, ana ta gyaran gidajen, don haka za ku tarar da wasu lunguna a killace.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Masu tasi za su ce su kai ku kabarin Nana Hauwa'u. Maƙabartar na nan kusa da Balad, amma babu ingantaccen dalili cewa nan take kwance. Ni masallacin Shafi'i na fi so, tsoho ne ƙwarai, a nan na yi Magariba.

Ɗalibi a Jidda:
Mama, kar ku bar garin nan ba ku ga teku ba. Bayan Magariba ku ɗauki mota zuwa gaɓar Hamra. Daga nan ake kallon famfon Sarki Fahad, ruwan teku ne ake harbawa sama fiye da mita 250, ga fitilu na haska shi. Iyalai na shimfiɗa darduma a bakin ruwa da filas ɗin shayi, ba wanda zai ce ku tashi. In yunwa ta zo, ku nemi sayadiyya, shinkafa ce da ta sha soyayyar albasa, da kifi. Akwai kuma siriya, tsirenmu ne da yajin ƙuli, Hausawan Hijaz suka kawo shi har sunan ya bi bakin Larabawa.

Hajiya 'yar Kumasi:
Ni masallacin Rahma ne ya tsaya mini a rai, wanda aka kafa a kan ginshiƙai cikin ruwa. Ina sujada ina jin igiyar ruwa na bugawa a ƙarƙashina, sai da na yi hawaye.

Ɗalibi a Jidda:
Gaskiya ne Hajiya, sai dai yana can arewa, nesa da Balad, ya fi kusa da filin jirgi. Su bar shi ya zama zangon ƙarshe.

Alhaji ɗan Kantin Kwari:
Kuma ku kira mota ta manhaja. Wani mai tasi ya ninka mini kuɗi sau uku da ya ga fasfo a hannuna.

Maman 'yan biyu, Kano:
Allah ya saka da alheri. Malama, Hajiya za ta iya lungunan nan kuwa?

Malama daga Damagaram:
Za ta iya in ba ku matsa mata ba, Yaya. Na je da gwaggona, sa'arta ce. Daɓen dutse ne, ba sumul ba, ki sa mata takalmi mai taushi. Mun riƙa tafiya kaɗan muna zama a shagon shayi. A can wata dattijuwa mai tallar turaren wuta ta ji muna Hausa, ta matso ta ce, "Sannunku da zuwa, mutanen ina ne?" A Jidda aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ita da gwaggo suka yi ta hira har aka kira Isha'i.