Shin UMBC ce ta fasa Arewa?

Ɗan Zariya: Jama'a, jiya a majalisa na ce jam'iyyar UMBC (United Middle Belt Congress) ta Joseph Tarka ce ta fara fasa Arewa, aka yi mini caa. Har yanzu ban janye ba. Jam'iyyar da aka kafa a 1955 don a yanke wa ƙananan ƙabilu jiharsu, ta kuma bi Action Group ta Awolowo a zaɓen 1959, me za a kira ta?

'Yar Jos: Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Mutanen Filato da Binuwai da kudancin Zariya da mulkin En'e suke kuka. Kotu da 'yan doka da gidan yari duk suna hannun En'e, wato hukumar gargajiya, ita kuma tana bayan NPC (Northern People's Congress), jam'iyyar da ke mulkin Arewa a lokacin. Kakana ya sha ba mu labarin yadda ake neman izinin taron siyasa a hana, in an taru a hango jar darar 'yan doka, kowa ya faɗa gonar dawa.

Ɗan Zariya: To sai a raba gida? Ai kwamitin Willink da Turawan mulki suka kafa ya zagaya ya saurare su, a 1958 ya ce ba a ƙirƙiro sabuwar jiha ba, a dai sa haƙƙin ɗan Adam a tsarin mulki.

Kawu: Ku dakata, yara. Ni ina makarantar firamare aka yi rikicin ƙasar Tibi na 1964, wanda sai da aka kai soja. Kafin shi an yi na 1960. Abin da ake mantawa, masu riƙe da En'e a Gboko su ma Tibi ne, magoya bayan NPC, kuma gidajensu aka fi ƙonawa. Rigimar talaka ce da mai sanda. Ka duba NEPU ta Malam Aminu Kano, irin kukan nan take yi a tsakiyar Kano, har ta haɗa kai da UMBC suka shiga ƙawancen UPGA mai adawa da NPC a zaɓen 1964. Malam Aminu ma za ka ce ɗan ƙaramar ƙabila ne?

Ɗan Zariya: A'a, Kawu, Allah ya huci zuciyarku. Amma NEPU gyara take nema, ba a yanka ƙasa ba.

Kawu: Wannan ka yi gaskiya. Sai dai wuƙar ba a hannun Tarka take ba. Gowon ne ya raba ƙasar jihohi 12 ranar 27 ga Mayu 1967, shida a Arewa, don ya sare wa Ojukwu ƙafa. Lokacin soja sun riga sun rushe jam'iyyu tun 1966. Kano ma ta samu tata jihar, ban ji Bakanon da ya yi zaman makoki ba.

'Yar Jos: Kuma Tarkan nan a NPN ya ƙare, tare da Shagari, ya zama sanata a 1979, ya rasu a 1980.

Baban Yara: Ni tambayata ta yau ce. Za a iya sake kafa irinta?

Kawu: Sashe na 222 na tsarin mulkin 1999 ya toshe ƙofar. Suna ko tambarin jam'iyya ba zai nuna ƙabila ko addini ko yanki ɗaya ba, hedikwata kuma dole a Abuja.

Ɗan Zariya: Kun gani? Da alheri ce da ba a hana ba.

'Yar Jos: Yaya, da wannan sashen NPC ma ba za ta samu rajista ba, sunan Arewa ne a goshinta.