Neman shawara: Ta yaya zan kawo ƙaryar 'yan Nazi a labarina ba tare da na zame musu kakaki ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan Yahudawan birnin Warsaw na Poland lokacin yaƙin duniya na biyu. Tauraruwata budurwa ce da ke zaune a geto, unguwar da Jamusawa suka katange a Nuwamba 1940 suka cusa mutum sama da 400,000 a ciki, kuma labarin zai kai ta har boren da Yahudawan geton suka fara ran 19 ga Afrilu 1943. Wurin farfaganda na cije. Akwai fastocin da aka manna a titi ana haɗa Yahudawa da ƙwarƙwata da zazzaɓin taifus. In na kawo kalaman yadda suke, ina tsoron wani ya yanki shafin ya yaɗa shi a matsayin gaskiya. In kuma na tausasa, mai karatu ba zai gane yadda aka yi maƙwabci ya kau da kai ana jan maƙwabcinsa ba. Don Allah ku taimaka.

Wani malamin tarihi: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki miƙa wa mai karatu ƙaryar a gama dafe, ki kai shi madafa ya ga yadda ake girka ta. A Mayu 1942 masu ɗaukar fim na Jamus sun shiga geton, suka riƙa tilasta wa mutane sa tufafi masu kyau su zauna gaban abinci, ko su wuce ta gefen gawa kamar ba su gani ba, don a ce masu kuɗin Yahudawa ba su tausayin talakawansu. Ki sa tauraruwarki cikin waɗanda aka tsayar gaban kyamara, cikinta na kukan yunwa, soja na ce mata ta sake murmushi. Wanda ya karanta wannan, hoton ba zai yaudare shi ba. Batun taifus ma haka: cunkoso da yunwar da aka jefa su ciki ne suka haifar da cutar, sannan aka juya aka ce ga hujjar killace su.

Wata marubuciya: Ƙanwata, ƙaryar da ta fi kisa ita ce wadda aka yi wa su Yahudawan kansu. Daga 22 ga Yuli 1942 aka fara kwashe su da sunan za a kai su gabas su yi aiki. Har sanarwa aka yi cewa duk wanda ya kai kansa filin lodi zai samu burodi kilo 3 da jam kilo 1. Mutane sun je da ƙafarsu, jirgin ƙasan kuwa sansanin kisa na Treblinka ya nufa, inda aka hallaka sama da 250,000 daga Warsaw cikin wata biyu. Ina roƙonki kada ki rubuta su kamar wawaye. Uwar da 'ya'yanta suka kwana biyu ba su ci ba, ki bar mai karatu ya tsaya a layin nan tare da ita, ya ji shi ma da zai je.

Mai tambaya: Na gode Yaya, wannan ya buɗe min ido. To turjiyar fa? Babin faɗan ne kawai nake da shi.

Malamin tarihi: Ai tun kafin bindiga aka fara. Emanuel Ringelblum, wani masanin tarihi Bayahude a geton, ya tara mutane a asirce suna adana wasiƙu, katin rabon abinci, jaridun ɓoye, har da fastocin Jamusawan, suka binne a akwatunan ƙarfe da garewanin madara. An tono wani ɓangare a 1946, wani a 1950. Ƙungiyar Bund ta ma'aikata Yahudawa ta tura Zalman Frydrych ya bi hanyar jirgin, ya dawo da labarin abin da ake yi a Treblinka. Sai da mutane suka yarda babu wani aiki a gabas sannan matasa irin su Mordechai Anielewicz, jagoran boren, suka samu masu bin su. Ki sa budurwarki cikin masu raba jaridar ɓoye, sai faɗan ya zo da tushe.

Wani ɗan'uwa: Malama, ki shirya, za a ce miki me ya kai ki rubuta wannan alhali ga halin da Falasɗinawa ke ciki.

Marubuciyar: Za a faɗa, Malam, amma yaran da aka loda a jirgi a 1942 ba su da hannu a abin da ake yi yau, kuma tausayinsu bai rage wa kowa nasa ba. Ƙanwata, abu ɗaya: kada ki sauya ƙarshen don faranta rai. Anielewicz ya mutu ran 8 ga Mayu a maɓoyarsu ta lamba 18 a titin Miła, ran 16 ga wata Jürgen Stroop, kwamandan Jamus da ya murƙushe boren, ya tarwatsa babban wurin ibadar Yahudawan birnin. Wasu 'yan kaɗan sun tsira ta magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa, in kina son ta rayu, ta nan za ki fitar da ita.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Zan fara da babin kyamarar, in na gama zan kawo ku duba min.