Ta yaya ake gane mai bi ya girma cikin ruhaniya?

Ɗan Kwaya:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Kullum daga kan mimbari ana ce mana mu girma cikin ruhaniya, amma ba a cika faɗar ma'aunin ba. Daɗewa cikin bi ne, ko iya addu'a mai ƙarfi, ko baiwar harsuna da annabci? Idan kwamiti zai zaɓi shugaban matasa ko malamin Makarantar Lahadi, me ya kamata ya duba?

Baba Dattijo:
Ɗana, fara ajiye shekaru da baiwa a gefe. Ibraniyawa 5:12 yana magana ne da mutanen da suka daɗe har ya kamata su zama masu koyarwa, amma suna nan kan madara. Baiwa kuma, dubi Korinti. A 1 Korintiyawa 1:7 Bulus ya shaida ba su rasa wata baiwa ba, a sura 3 kuma ya kira su jarirai, domin kishi da jayayya, wannan na Bulus, wancan na Afolos. Baiwa ana iya samunta rana ɗaya, hali kuwa sai damina ta bi damina.

Abubuwa tara na Galatiyawa 5:22-23, irin su haƙuri, tawali'u da kamunkai, ba a kan mimbari ake ganinsu ba. Kwamiti ya duba wuri uku. Idan an tsawata masa, yakan saurara ne, ko ya ƙaurace wa sujada wata guda? Idan an ba shi kuɗin rigar kwaya, yakan kawo lissafi da canji ba sai an bi shi ba? Sai gida: a ji ta bakin matarsa da maƙwabta, har waɗanda ba masu bi ba, domin 1 Timoti 3:7 ya nemi shaidar na waje. Aya ta 6 kuma ta hana ɗora sabon tuba a kan shugabanci, kome zafinsa, don kada girman kai ya kā da shi. Nan ne kwamitoci suka fi tuntuɓe, sukan ɗauki zafi a matsayin girma cikin ruhaniya.

Malama Zumunta:
Baba ya faɗi yadda ake gani, bari in ƙara yadda ake kaiwa can. Ibraniyawa 5:14 ya ce manya su ne waɗanda yau da gobe ta horar da hankalinsu har suna rarrabe nagarta da mugunta. Wato aikin kullum ne, ba na taron farkawa sau ɗaya a shekara ba.

Littafi Mai Tsarki yana da sura 1,189. Mai karanta uku kowace rana, biyar ran Lahadi, zai sauke a shekara. Amma ban cika ba sabon shiga wannan shawara ba. Yawanci sukan fara Farawa a Janairu da ƙarfinsu, Fabrairu su maƙale a Littafin Firistoci, kunya ta sa su rufe littafin gaba ɗaya. Gara a fara da Markus, sura 16 ce kawai. Sabon Alkawari sura 260 ne, don haka sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52 cif ya ƙare, ga kwana biyu na cike gibi. A sa lokaci ɗaya tsayayye, minti 20 kafin a taɓa waya. A rubuta abu biyu: me nassin ya nuna game da Allah, me zan gyara yau. In ba a rubuta na biyun ba, ƙwaƙwalwa ce ke cika, hali yana nan inda yake.

Ɗana, ga gwaji mai sauƙi. Idan aka turo wa mai bi saƙon annabci a WhatsApp mai cewa a tura wa mutum goma, yakan buɗe ayar ya karanta abin da ke gabanta da bayanta, kamar mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11, ko turawa kawai yake yi?

Fasto Mai Ritaya:
Na yarda da Baba, sai dai a yi hattara da shiru-shiru. Wani ba ya musu, amma yana riƙe da mutum a zuci shekara biyar. Ni a wajen saɓani nake auna mutum. Matiyu 18:15-17 ya jera matakai: ka same shi ku biyu kaɗai, in ya ƙi ji ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi su sai a kai gaban ikilisiya. Mu kuwa daga na ƙarshe muke farawa, a zauren WhatsApp na matasa, ko a kawo tsegumin da sunan batun addu'a. Da zarar magana ta fita fili, mai laifi ya daina tunanin laifinsa, ya koma kare mutuncinsa. Wani kuskuren shi ne a mataki na biyu mutum ya kwaso magoya bayansa maimakon shaidun da ɓangarorin biyu ke ganin girmansu. Matiyu 5:23-24 kuma ya juyo da abin: in kai ne aka ji wa haushi, ajiye baikonka, je ka shirya tukuna.

Ɗan Kwaya:
Na gode iyaye. Baba, wanda ikilisiya ta taɓa sa shi a horo saboda wani laifi fa, ya fita daga zaɓen ke nan?

Baba Dattijo:
A'a. Markus ya bar su Bulus a tsakiyar tafiya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa a Ayyukan Manzanni 15, amma a 2 Timoti 4:11 Bulus da kansa ya ce a kawo shi, yana da amfani a gare shi. Ku duba ko ya zauna ya gama horonsa a ikilisiyarsa ko ya gudu wata, ko ya mayar da abin da ya ci in batun kuɗi ne. In ya yi, a fara ba shi matsayin mataimaki, ajiyar kuɗi kuma a dakata tukuna.