Neman kalmar Hausa: me za mu kira "qualified immunity"?

1/
Salamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta gaban masu harshe. Ina cikin fassara wani rahoto kan 'yan sandan Amurka na ci karo da "qualified immunity", wata ƙa'idar kotu da ke kare jami'an gwamnati daga ƙarar neman diyya. Har hannuna ya rubuta "rigar kariya", sai na goge, don raina bai kwanta ba. A yi haƙuri, zaren zai ɗan ja.

2/
Kafin a raɗa wa yaro suna, sai an san ɗan wane ne.

A 1871, bayan yaƙin basasar Amurka, majalisarsu ta yi wata doka saboda ta'asar ƙungiyar Ku Klux Klan, wadda ke kashe baƙaƙen fatar da aka 'yanta a jihohin kudu, hukumomin wurin kuma sun naɗe hannu, wasunsu ma da su ake yi. Dokar ta ce duk jami'in da ya fake da ikon hukuma ya tauye wa mutum haƙƙin da kundin tsarin mulki ya ba shi, mutumin na iya maka shi a kotun tarayya ya nemi diyya. Yau ana kiran ta sashe na 1983. Lambar sashe ce fa, ba shekara ba. Na taɓa ganin inda aka fassara ta da "dokar shekarar 1983", aka rage wa tsohuwa shekara 112 a tashi ɗaya.

Ka karance dokar nan daga sama har ƙasa, babu inda ta ce a ɗaga wa ɗan sanda ƙafa. Alƙalai ne suka ɗinka abin daga baya.

3/
A 1961 wasu limaman coci su 15, uku daga ciki baƙaƙen fata, suka shiga ɓangaren da aka keɓe wa farar fata a wata tashar mota da ke Jackson, jihar Mississippi. Da gangan suka yi, don ƙalubalantar wariyar launin fata. 'Yan sanda suka kama su da sunan tayar da hankalin jama'a. Daga baya limaman suka kai ƙarar waɗanda suka kama su. Shari'ar ita ce Pierson da Ray, kuma a 1967 Kotun Ƙoli ta ce idan ɗan sanda ya yi kamu da kyakkyawar niyya, yana ganin doka yake bi, ba za a ɗora masa diyya ba.

Ku duba fa. Dokar da aka yi don kare baƙar fata, a kan shari'ar wariyar launin fata aka fara huda mata ƙofar baya.

A 1982, a shari'ar Harlow da Fitzgerald, wadda ma ta hadiman Shugaba Nixon ce ba ta 'yan sanda ba, kotun ta ajiye zancen niyya gefe. Ma'aunin ya koma: shin haƙƙin da aka taka, an riga an fayyace shi ƙarara a doka, ta yadda duk jami'i mai hankali zai san haramun ne? A aikace, abin da wannan ke nufi shi ne mai ƙara ya nemo wani tsohon hukunci da ya yi kama da nasa kamar an tsaga kara. In bai samu ba, a kori ƙarar tun kafin a kira shaida ko ɗaya.

4/
Misali ya fi dogon bayani.

A jihar Jojiya, a 2014, 'yan sanda suka biyo wani da suke nema har cikin harabar wani gida, suka ce yaran da ke wasa a wurin su kwanta a ƙasa. Karen gidan ya fito, ɗaya daga cikin 'yan sandan ya harbe shi sau biyu bai samu ba, harsashi na biyu ya shige bayan gwiwar wani yaro ɗan shekara 10 da ke kwance yana bin umarni. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2019 babu wani hukunci a baya da ya yi magana kan a auna kare a sami yaro. Aka kori ƙarar da aka kai jami'in.

A Nashville aka saki karen 'yan sanda a kan wani da ya ce ya riga ya miƙa wuya, yana zaune hannuwansa a sama. Akwai tsohon hukunci da ya hana sakar wa wanda ya miƙa wuya kare, amma wancan a kwance yake, wannan kuwa a zaune. Tsakanin kwanciya da zama ƙarar ta mutu.

Wanda ya fi ɗaure mini kai na Fresno ne, a Kalifoniya. Wasu 'yan kasuwa suka zargi 'yan sanda da yin sama da faɗi da kuɗi da tsofaffin sulalla masu daraja na fiye da dala 225,000 lokacin binciken gida. Kotu ta ce ya kamata jami'an su san sata ba ta da kyau, amma ba a taɓa fayyace cewa satar abin da aka ƙwace da takardar kotu ta saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Wallahi sai da na sake karantawa, na ɗauka idona ne.

5/
To me ya hana mu ce "rigar kariya" mu huta?

Saboda a kunnen Bahaushe wannan rigar tana da mai ita. Ɗan Najeriya in ya ji ta, sashe na 308 na kundin tsarin mulkin ƙasarsa yake tunawa: shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa, ba a gurfanar da su muddin suna kan kujera, ko laifi ne ko bashi, ranar da suka sauka rigar ta faɗi. Ɗan Nijar kuma zai tuna Yunin 2024, da kotu ta tuɓe wa Bazoum tasa.

Ta Amurka ba haka take ba. Ba ta manya kaɗai ba ce, har kurtun ɗan sanda da gandiroba da malamin makarantar gwamnati tana rufe su. Ba ta faɗuwa don mutum ya bar aiki. Mafi girma kuma, ba ta hana a tuhumi mutum da laifi. Derek Chauvin, wanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020, an same shi da laifin kisa a Afrilun 2021, aka yanke masa shekara 22 da rabi. Babu rigar da ta tare masa wannan. In muka rubuta cewa 'yan sandan Amurka na da rigar kariya, mai karatu a Gusau ko Maraɗi zai fahimci ba a iya kai su kotu sam, mun yi masa ƙarya ke nan ba da niyya ba.

6/
Wani ya turo "kariyar ƙwararru". Malam, da girmamawa, a nan ne ramin yake. Kalmar "qualified" fuska biyu gare ta. Wadda muka saba ji ita ce ta mai takardar shaida, amma a bakin lauyoyi tana nufin abin da aka yi wa iyaka. Kishiyarta ita ce cikakkiyar kariya irin wadda alƙalai ke da ita kan hukuncin da suka yanke. Babu ruwanta da ƙwarewa.

7/
Barista, na ga taki: "kariya mai sharaɗi". Ta fuskar ma'ana ba ni da ta cewa, kin bi kalmar sau da ƙafa. Matsalata da ita ɗaya ce, ba ta gaya wa mai sauraro komai. Kariya daga me? Sharaɗin wa? Ki faɗe ta a labaran ƙarfe bakwai, direban da ke jin rediyo zai ɗauka zancen allurar rigakafi ake yi. Ta yi kyau a takardar kotu, amma ba za ta shiga kasuwa ba.

Kin kuma kawo "kariya daga biyan diyya". Wannan ta fi kusa, sai dai akwai abin lura. Wata farfesar shari'a a jami'ar UCLA, Joanna Schwartz, ta bi sawun kuɗin da aka biya a irin waɗannan ƙararraki daga 2006 zuwa 2011, ta gano abin da ya fito daga aljihun 'yan sandan kansu bai wuce kashi 0.02 cikin ɗari ba. Gwamnatocin birane ne ke biya. Dala miliyan 27 da aka ba iyalan Floyd, daga baitulmalin Minneapolis ta fito. Ke nan aljihun jami'in a tsare yake ko babu wannan ƙa'ida. Abin da take tarewa ƙarar ce kanta, kada ma a saurare ta.

8/
Wani dattijo daga Damagaram ya ce a kira ta "kau-da-bara". Baba, Allah ya ƙara girma, kun sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki. Ga yaran yanzu da ba su sani ba, laya ce da mayaƙa ke ɗaurawa don in an auna su da kibiya ko bindiga ta bauɗe. Kuma ta zauna daram: harsashin ɗan sanda ya sami jiki, ƙarar da aka auna shi da ita kuwa ta bi iska. A waƙa ko sharhin jarida, ni ne farkon mai ara. Amma a labari tsagwaro tana ɗauke da hukunci a cikinta, wanda ke goyon bayan ƙa'idar ba zai taɓa furta ta ba. Haka "shafaffu da mai" da wasu suka kawo: tana kwatanta mutanen ne, ba ƙa'idar ba.

9/
Wata ƙanwata ta tambaya cikin saƙo: Yaya, wai duk wannan wahalar a kan kalma ɗaya ta wata ƙasa?

Ga dalili. Jaridar Washington Post ta ƙirga waɗanda 'yan sanda suka harbe har lahira daga 2015 zuwa 2024, kuma adadin ya riƙa kai kusan mutum 1,000 ko sama da haka duk shekara. Baƙaƙen fata ba su wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, amma in aka auna da yawansu, ana kashe su fiye da ninki biyu na yadda ake kashe fararen fata. Gurfanar da jami'i kan laifin kisa kuwa abu ne da ba kasafai ake gani ba. Wanda ya shaƙe Eric Garner a New York a 2014 ba a tuhume shi ba, sai korar aiki bayan shekara biyar. Wanda ya harbi Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12 mai wasa da bindigar roba a Cleveland, shi ma ba a tuhume shi ba. Amadou Diallo, ɗan Gini mai sayar da kaya a bakin titi, harsashi 41 aka sakar masa a ƙofar gidansu a 1999, aka wanke 'yan sandan huɗu duka.

In mai gabatar da ƙara ya ƙi motsi, ƙofa ɗaya ta rage wa iyali, ita ce neman diyya. Waɗanda duniya ta ji sunansu, birni kan yi maza ya sasanta don kunya. Waɗanda babu wanda ya ɗauki bidiyonsu, su ne ke tarar da wannan ƙa'ida a bakin ƙofa. Shi ya sa sunanta ya cika allunan masu zanga-zanga a 2020, kuma labarin zai ci gaba da zuwa mana sai mun fassara.

10/
Ga tawa, ku duba ta da kyau.

Da na sake karanta hukuncin Fresno, sai na ji kamar na san muryar. A zauren karatu na san ta. Malamai suna da babin da suke kira uzuri da jahilci: yaushe ake yi wa mutum uzuri don hukunci bai iso masa ba? To abin da kotun Amurka ke cewa ke nan. Ba ta ce jami'in bai yi ba. Sau da yawa ba ta ma ce abin da ya yi daidai ne ba. Cewa take ba a bayyana masa ƙarara ba, don haka a yi masa uzuri. Talaka in ya taka doka a ce masa rashin sani ba hujja ba ne, wanda aka ba bindiga don ya tsare dokar kuwa shi ake karɓar rashin saninsa.

Sai na ce: rigar uzuri.

"Riga" ta riƙe mana dangantaka da rigar kariya da kowa ya sani, mai sauraro zai gane zancen kotu ne da hukuma. "Uzuri" kuma ta raba su, ta nuna ba a wanke mutum ba, ɗaga masa ƙafa aka yi.

11/
Barista ta ce "uzuri" ta yi taushi, kamar ana tausaya wa jami'in. Na ji, kuma na juya ta a raina. Amma gwada ta a bakin ɓangarorin biyu. Shugaban ƙungiyar 'yan sanda zai iya cewa: mutanena cikin ƙiftawar ido suke yanke shawara, in aka cire musu rigar uzuri babu mai sake shiga aikin. Uwar da aka kashe wa ɗa za ta iya cewa: an kashe mini yaro, an sa wa wanda ya kashe shi rigar uzuri. Duka biyun sun fita ba tare da gargada ba, kuma ɗacin ta biyun bai ragu ba.

Gwajin kanun labarai, da abubuwan da suka faru:

Jihar Colorado ta hana 'yan sanda fakewa da rigar uzuri a kotunan jiha, 2020.

New Mexico ta bi sahu, 2021.

Ƙudirin George Floyd, mai neman tuɓe wa 'yan sanda rigar uzuri, ya wuce majalisar wakilai ya maƙale a ta dattawa.

A farkon ambato cikin labari sai a ɗan raka ta da bayani: rigar uzuri, wato ƙa'idar da ke sa a kori ƙarar neman diyya a kan jami'i in ba a taɓa yanke hukunci kan irin abin da ya yi ba. Daga nan a sake ta ta yi tafiyarta.

12/
Baba na Damagaram ya dawo da gyara, kuma na karɓa hannu biyu. Ya ce kada a rubuta "yana da rigar uzuri" kamar yadda ake cewa gwamna yana da rigar kariya, tunda ɗan sanda ba da ita yake fita sintiri ba. Sai an kai ƙara, lauyansa ya roƙa, alƙali ya duba tukuna. Don haka "kotu ta sa masa" ko "kotu ta hana shi". Na koma fassarar tawa na gyara wuri uku.