Hoton masu aikin Hawan Sallah da masu kwana a titi: ina neman shawara

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Bana ina so in bar mahaya da adon dawakai, in juya kyamara ga waɗanda ke ɗauke da wahalar Hawan Sallah a Kano: yaran barga, masu yankan ciyawa, zagage, da masu share hanya bayan an watse. Ina kuma son haɗawa da masu kwana a tasha da ƙarƙashin gada. Wace irin kyamara ta dace, kuma ta ina zan fara?

Bazazzagiya: Wa alaikumus salam. Ka fara da barga tun kwana uku kafin Sallah, domin ranar Hawan Daushe babu wanda zai sami sukunin kallonka a Ƙofar Kudu.

Baban Fati: Ƙanena, ajiye maganar kyamara tukuna. Shekarun baya na ɗauki wani dattijo yana barci a kan kwali a ƙarƙashin gada da asuba, hasken ya yi kyau ƙwarai, na sa a Facebook, mutane suka yi ta yabo. Bayan mako biyu wani saurayi ya nemo ni har shago, ashe ɗansa ne. A ƙauyensu an san tsohon a matsayin mai gadin shaguna a birni, yana aika musu ɗan abin da ya samu, sai ga hotona ya tona abin da ya ɓoye shekara da shekaru. Na goge, na ba da haƙuri, amma hoton ya riga ya zaga wayoyi, kuma an ce wannan Sallar bai je gida ba. Tun daga ranar ban sake ɗaukar mai barci ba, domin mai barci ba ya iya cewa a'a.

Mai Wankin Hoto: Allah Ya kyauta. Wannan ne ya sa ba na son gilashin kyamara mai janyo nesa, don yana koya wa mutum satar hoto. Da gilashi mai milimita 35, wanda ba ya janyo nesa, dole ka matso, ka yi sallama.

Bazazzagiya: Malam, ka taɓa matsawa kusa da doki lokacin jahi da wannan gilashin naka?

Mai Wankin Hoto: Hajiya, ai ya ce ya bar mahaya.

Malamin Tarihi: Abin da ya sami Baban Fati tsohon ciwo ne a wannan sana'a. A 1936 Dorothea Lange, wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, ta ɗauki hoton wata uwa da 'ya'yanta a sansanin ma'aikatan gona a Kalifoniya ba tare da ta tambayi sunanta ba. Hoton ya shahara a duniya, amma sai a 1978 jama'a suka san ita ce Florence Owens Thompson, kuma ta koka cewa ko sisi ba ta samu ba.

Ɗan Fagge: To, in ba su kuɗi ke nan?

Baban Fati: Idan ka fara raba kuɗi, gobe za su yi maka layi suna shirya fuskar tausayi. Ka wanke hoton ka kai wa mai shi, ka faɗa masa inda za ka sa, ka rubuta sunansa da aikinsa in ya yarda. Almajirai kuwa yara ne, sai da izinin malaminsu.

Bazazzagiya: Ka kuma kashe filasha a barga, kada doki ya firgita ya harbi yaron da ke masa kwalliya.